Neman Jan Ƙarfe da Zinariya a Tsaunukan Andes: Tambayoyi da Amsoshi

Tsaunukan Andes, waɗanda suka miƙe a gefen yammacin Kudancin Amurka tsawon kimanin kilomita 7,000, su ne yankin da ya fi ko'ina a duniya samar da jan ƙarfe, wanda wasu ke kira tagulla, kuma a wurare da dama ana samun sa tare da zinariya a cikin dutse guda. Tambayoyin da ke tafe sun shafi aikin da ake yi kafin a fara haƙa, wato neman ma'adinin da tabbatar da yawansa, domin a wannan mataki ne mutane suka fi ruɗewa, a nan ne kuma aka fi yaudarar masu zuba jari.

Mene ne bambancin neman ma'adini da haƙar ma'adini?

Mai haƙa ya riga ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, aikinsa shi ne ya fito da shi ya sayar. Mai nema kuwa bai sani ba tukuna, kuɗi yake kashewa don ya sayi sani. Yakan fara da fili mai faɗin dubban murabba'in kilomita, ya riƙa zubar da sassan da ba su da alamar komai, har ya rage masa 'yan wurare kaɗan da suka cancanci a huda su. Mafi yawan wuraren da ake bincika ba sa zama mahaƙa har abada, kuma wannan ba gazawa ba ce, haka sana'ar take. Ƙwararren mai nema shi ne wanda ya san lokacin da zai haƙura da wuri ya tattara kayansa, kafin kuɗin da ke hannunsa su ƙare a kan dutsen da babu komai a cikinsa.

Me ya sa arzikin ya taru a wannan yanki?

Dalilin yana ƙarƙashin Tekun Fasifik. Falalen ɓawon ƙasa da ake kira Nazca yana nutsewa a hankali ƙarƙashin nahiyar Kudancin Amurka, kuma an shafe miliyoyin shekaru ana haka. Yayin da yake nutsewa, ruwan da ke cikin duwatsunsa yana fita ya sa dutsen da ke samansa ya narke. Narkakken dutsen yakan taso sama, wani ya fito ta bakin duwatsu masu aman wuta, wani kuma ya tsaya ya daskare a zurfin 'yan kilomitoci. Wanda ya tsaya ɗin shi ne abin nema. Idan yana hucewa, yakan saki ruwa mai tsananin zafi da gishiri, ɗauke da jan ƙarfe da zinariya da farar wuta, kuma ƙarfin wannan ruwa yana farfasa dutsen da ke kewaye, ya bi ta tsagogin ya zubar da abin da ya ɗauko.

Da yake wurin da narkewar ke faruwa yana gusawa a tsawon zamani, ma'adinan sun jeru a layi-layi daga arewa zuwa kudu, kowane layi da shekarunsa. Manyan mahaƙun arewacin Chile irin su Chuquicamata da Escondida da Collahuasi suna kan layi ɗaya, kusa da wata doguwar tsaga ta ƙasa da ake kira Domeyko. Wannan ne ya sa Chile ita kaɗai take samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jan ƙarfen da ake haƙowa a duniya, fiye da tan miliyan 5 a shekara.

Wane irin dutse ake nema, kuma yaya kamanninsa?

Babban abin da ake farauta shi ne nau'in da masana ke kira fofiri. Wanda yake zaton zai ga dunƙulen zinariya ko jan ƙarfe yana sheƙi zai sha mamaki, domin ma'adinin a warwatse yake, ƙwaya-ƙwaya, cikin siraran jijiyoyin da suka sarƙe dutsen kamar saƙar gizo-gizo. Yawanci jan ƙarfen da ke ciki bai wuce kashi 0.3 zuwa kashi 1 cikin 100 ba. Ma'ana, idan an ce kashi 0.5, to kilo 5 kacal za a samu a cikin tan guda na dutse. Zinariyar kuwa sau da yawa ba ta kai giram 1 a tan ba, kuma ido ba ya ganinta.

Abin da ke sa irin wannan dutse ya zama dukiya shi ne girmansa. Wuri guda yana iya ƙunsar ɗaruruwan miliyoyi, wani lokaci biliyoyin tan, ta yadda za a shekara hamsin ko ɗari ana haƙa. An fara aiki gadan-gadan a Chuquicamata tun 1915, kuma har yau ba a gama ba, sai ma komawa ƙarƙashin ƙasa da aka yi a 2019. Irin waɗannan mahaƙu ne ke ba duniya fiye da rabin jan ƙarfen da take amfani da shi.

A saman fofiri, kusa da doron ƙasa, akan sami wani nau'in da zinariya da azurfa suka fi yawa a cikinsa. Mahaƙar Yanacocha da ke Cajamarca a arewacin Peru, wadda ta fara aiki a 1993, irin wannan ce. Saboda haka idan masani ya tarar da zinariya a ƙololuwar tsauni, tambayar da zai yi wa kansa ita ce ko akwai uwar jan ƙarfe kwance a can ƙasa.

Ta yaya ake gane wurin da za a duba tun kafin a tona?

Ruwa ba ya tsami banza, dutse ma ba ya sauya launi banza. Ruwan zafin da ya kawo ma'adinin yakan dafa dutsen da ya ratsa, ya sauya masa halitta har zuwa nisan kilomitoci, saboda haka sawun da ya bari ya fi ma'adinin kansa faɗi nesa ba kusa ba. A 1970 masana biyu Amurkawa, David Lowell da John Guilbert, suka wallafa bayanin da ya nuna cewa wannan sauyi yana da tsari, zobe cikin zobe. A kewayen tsakiya, kusa da inda zafi ya fi tsanani, nan ne jan ƙarfe ya fi taruwa. Daga nan sai wani zobe mai fari-fari cike da fairait, wato ma'adinin ƙarfe da farar wuta mai ƙyallin rawaya, sannan a can gefe dutsen ya koma kore-kore. Wanda ya iya karanta waɗannan launuka zai san ko yana bakin gefe ne ko ya doshi cibiya, kuma har yau da wannan fahimta ake aiki.

A aikace, ana farawa da hotunan tauraron ɗan'adam. Na'urar ASTER da aka harba a 1999 tana iya bambance nau'o'in yumɓun da ruwan zafi ya haifar, kuma hamadar Atacama da ke arewacin Chile, da yake babu ciyayi da za su rufe ta, ta dace da wannan aiki ƙwarai. Bayan haka sai a ɗebi yashin ƙoramu a gwada, domin duk abin da ke kan tudu ruwa yana gangaro da ɓurɓushinsa, sai a bi ƙoramar da ta nuna alama har zuwa mafarinta. Sannan a ɗebi ƙasa da gutsattsarin dutse a kan layuka masu tazara daidai. Duk da ci gaban na'urori, zuwa da kai ya fi aike: babu abin da ya maye gurbin masanin da zai taka tsaunin da ƙafarsa, da guduma da gilashin ƙara girma a hannu, yana zana taswirar abin da ya gani.

Idan tsakuwa ko yashi sun rufe dutsen fa?

Wannan ita ce babbar matsalar wannan zamani, domin waɗanda suke a fili kusan duk an riga an gano su. Wani babban sashe na arewacin Chile lulluɓe yake da tsakuwa mai kaurin gomman mitoci, wani wurin ɗaruruwa. Ko inda dutsen ya fito fili ma, akwai wata dabara ta halitta da ke ɓatar da mai nema: ruwan sama na zamanin da can ya haɗu da fairait ya zama ruwa mai tsami, ya wanke jan ƙarfen da ke sama, ya gangara da shi ƙasa ya tara shi a wani shimfiɗaɗɗen sashe mai arziki. Abin da ya rage a sama sai jan dutse mai tsatsa wanda gwaji zai nuna kusan babu komai a cikinsa.

Labarin Escondida ya nuna wannan sarai, kuma sunan kansa a harshen Sifaniyanci yana nufin ɓoyayya. Ayarin da Lowell ya jagoranta, da kuɗin kamfanonin Utah International da Getty Oil, ya bi layin da ke tsakanin sanannun mahaƙu yana huda wuri bayan wuri. A watan Maris na 1981 wata rijiyar gwaji ta ratsa fiye da mita 200 na wankakken dutse kafin ta faɗa cikin sashen mai arziki. Da an tsaya a kan sakamakon samfurin saman ƙasa, da an wuce wurin. Yau Escondida ce mahaƙar da ta fi kowace samar da jan ƙarfe a duniya.

Inda ido ya gaza, ana komawa ga na'urorin auna halayen ƙasa. Akwai mai auna ƙarfin maganaɗisu, wadda ake ratayawa a jirgin sama ko jirgi mara matuƙi. Akwai mai auna bambancin nauyin duwatsu. Akwai kuma wadda ake tura wutar lantarki cikin ƙasa da ita, a kashe, a ga tsawon lokacin da ƙasar ta riƙe cajin, domin ƙwayoyin ma'adinai masu farar wuta suna riƙe caji kamar ƙananan batura. Da auna maganaɗisu da nauyi ne aka gano ma'adinin Olympic Dam a Ostireliya a 1975, a ƙarƙashin rufin dutse mai kaurin kimanin mita 300. Sai dai ya kamata a sani cewa waɗannan na'urori ba sa cewa ga jan ƙarfe. Fairait zalla, wanda ba shi da wata daraja, yana ba da alama iri ɗaya a na'urar da ke auna riƙe caji, kuma ya sha cinye kuɗin kamfanoni.

Yaya ake huda ƙasa, kuma me ake yi da abin da aka ciro?

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko tana amfani da guduma da matsattsiyar iska, tana farfasa dutsen ta huro gutsattsarinsa sama; ta fi sauri kuma ta fi araha, amma ba ta nuna tsarin dutsen sosai. Ta biyu tana amfani da baki mai zagaye wanda aka dasa wa ƙwayoyin daiman, yana yanko dutsen kamar sanda, mai kaurin kimanin santimita 5 zuwa 6, ana jera shi cikin akwatuna bisa zurfin da ya fito. Wannan sanda ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, gani ya kori ji. Masani zai bi ta mita bayan mita yana rubuta nau'in dutse da jijiyoyi da ma'adinan da ke ciki, sannan a tsaga ta biyu a tsaye da zarto, a aika rabi ɗakin gwaje-gwaje, a adana rabi.

A ɗakin gwaji ana niƙa samfurin ya zama gari. Don auna zinariya, ana ɗibar giram 30 ko 50 a gauraya da sinadarin darma a narka a zafin da ya haura digiri 1,000. Darmar takan kwashe zinariya da azurfa ta nutse da su ƙasan kasko, sai a sake ƙona ta a wani ƙaramin kasko mai tsotse darma, a bar ɗan ƙwayar da za a auna. Tsohuwar hanya ce ƙwarai, amma har yau ita ce ma'aunin da aka fi yarda da shi. Kamfani mai gaskiya yakan cusa samfuran da ya riga ya san abin da ke cikinsu, da waɗanda babu komai a cikinsu, a tsakanin sauran ba tare da ɗakin gwajin ya sani ba, don ya gane ko ana auna masa daidai.

Yaya mutum zai karanta sanarwar sakamakon da kamfanoni ke fitarwa?

A ce kamfani ya sanar da cewa ya sami mita 400 masu kashi 0.6 na jan ƙarfe da giram 0.3 na zinariya a tan. Abu na farko da za a duba shi ne daga wane zurfi aka fara samunsa, domin abin da ya fara daga mita 30 ana iya haƙa shi a buɗaɗɗen rami, wanda ya fara daga mita 1,200 kuwa sai an gina mahaƙar ƙarƙashin ƙasa mai tsadar gaske. Na biyu, a duba ko rijiyar ta ratsa ma'adinin a gicciye ne ko ta bi tsawonsa, saboda siririyar jijiya tana iya bayyana kamar mai kauri idan aka bi ta a tsaye. Na uku, a duba ko wasu 'yan mitoci masu arziki sosai ne suka ɗaga matsakaicin sauran. Haka kuma kamfanoni suna son haɗa darajar zinariya da azurfa su mayar da ita lissafin jan ƙarfe don adadin ya yi girma. Wannan halal ne idan an bayyana farashin da aka yi amfani da shi da kuma kason da injin tacewa zai iya fitarwa a zahiri. Rijiya ɗaya, komai kyanta, ba ta zama mahaƙa.

Ana iya yin maguɗi a wannan aiki?

An yi, kuma mafi muni shi ne na Bre-X, wani ƙaramin kamfanin Kanada da ya yi iƙirarin gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang da ke tsibirin Borneo na Indonesiya. Darajar hannun jarinsa ta haura dalar Kanada biliyan 6. A 1997 kamfanin Freeport, wanda ke shirin shiga haɗin gwiwa, ya huda nasa rijiyoyin a gefen na Bre-X bai sami wani abin kirki ba, bincike kuma ya tabbatar da cewa barbaɗa garin zinariya ake yi a cikin samfuran kafin a kai su gwaji. Abin da ya ba maguɗin damar daɗewa shi ne ana niƙe sandar dutsen gaba ɗaya, ba a ajiye rabin da wani zai sake gwadawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa dubban mutane sun yi asarar abin da suka tara. Bayan wannan ne Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101 a 2001, wadda ta wajabta cewa sai ƙwararren masani mai rajista ya sa hannu ya ɗauki alhakin duk bayanin da za a fitar wa jama'a. Ostireliya tana da tata ƙa'idar, JORC, tun 1989.

Idan an ce an gano tan miliyan kaza, duk za a haƙo shi ke nan?

A'a. Waɗannan ƙa'idoji sun raba lissafin gida-gida bisa ƙarfin shaida. Akwai wanda ake hasashe daga rijiyoyi masu nisa da juna, akwai wanda rijiyoyi masu kusanci suka nuna, akwai kuma wanda aka auna sosai. Ko wanda aka auna ɗin ma ba ya shiga lissafin abin da za a haƙa da riba sai an yi nazarin kuɗin gini da tacewa da sufuri da ruwa da wuta da haraji da izinin muhalli. Wani lokaci dutsen yana da arziki amma yana ɗauke da sinadarin asenik mai guba, wanda masu narkarwa ke cin tara a kansa, sai lissafin ya rushe.

Su wane ne ke ɗaukar nauyin wannan kasada?

Kaso mai yawa na binciken farko ƙananan kamfanoni ne ke yin sa, waɗanda ba su da mahaƙa ko kuɗin shiga, sai abin da suka tara ta sayar da hannun jari a kasuwannin Toronto da Sydney. Burinsu su gano wani abu su sayar wa manya irin su BHP da Rio Tinto da Freeport, ko su shiga haɗin gwiwa da su. Manyan kuwa, har da Codelco mallakar gwamnatin Chile, sun fi mayar da hankali ga kewayen mahaƙun da suke da su, inda hanya da wuta da injin tacewa suke a shirye.

Wa ke ba da izinin bincike?

A duk ƙasashen yankin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, mallakar fili ba ta ba mutum abin da ke ƙarƙashinsa. A Chile kotuna ne ke ba da haƙƙin bincike da na haƙa, hukumar Sernageomin tana duba ɓangaren fasaha, mai haƙƙin kuma yana biyan kuɗi duk shekara don ya riƙe shi. A Peru hukumar Ingemmet ce ke bayarwa. A Ajantina kuwa larduna ne ke da ikon ma'adinansu, shi ya sa manufar San Juan take iya bambanta da ta maƙwabciyarta Mendoza.

Ina matsayin ruwa da mutanen da ke zaune a wurin?

A ganina wannan tambaya ta kai ta yawan ma'adinin muhimmanci, kuma kuskure ne babba a bar ta sai ƙarshe. Atacama tana cikin wurare mafi bushewa a duniya, ɗan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarta da shi al'ummomin asali da dabbobinsu da dausayin kan tsaunuka suke rayuwa. Escondida ta daina jan ruwan ƙarƙashin ƙasa don aikinta a ƙarshen 2019, ta koma tace ruwan teku tana tura shi ta bututu nisan fiye da kilomita 150 zuwa tudu mai tsayin mita 3,000. Duk sabon aikin da za a tsara a yankin dole ya sa irin wannan kuɗi a lissafinsa tun daga farko.

Chile da Peru da Ajantina duk sun amince da Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta tanadi tuntuɓar al'ummomin asali kafin a yanke shawarar da ta shafe su. Inda aka raina wannan, an ga sakamakonsa. An dakatar da aikin Conga a Peru a 2011 bayan zanga-zangar manoman da ke tsoron rasa tafkunansu. Aikin Pascua-Lama na kamfanin Barrick, da ke kan iyakar Chile da Ajantina, ya ci biliyoyin daloli, amma a 2020 kotun muhalli ta Chile ta tabbatar da rufe shi saboda saɓa ƙa'idojin kare ruwa da ƙanƙarar kan tsaunuka. Zinariyar tana nan inda take, ba a haƙo ta ba. Mutanen ƙauye ba da shugaban kamfani suke fara haɗuwa ba, da ma'aikatan bincike suke haɗuwa, kuma yadda waɗannan suka nemi izinin wucewa, suka rufe rijiyoyinsu, suka gyara hanyar da suka fasa, shi ne abin da za a riƙa tunawa shekaru ashirin bayan haka.

Shekara nawa ake ɗauka daga ganowa zuwa fara haƙa?

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manyan mahaƙu suna ɗaukar fiye da shekara 16 a matsakaici. Escondida, da aka gano a 1981 ta fara aiki a 1990, tana cikin masu sauri.

Shin akwai sauran abin ganowa a yankin da aka shafe ƙarni ana tonawa?

Akwai, sai dai ya ƙara nisa da zurfi da tsada. Misali mafi kusa shi ne yankin Vicuña da ke kan iyakar lardin San Juan na Ajantina da Chile, a tsayin da ya kai mita 5,000, inda iska ke da ƙaranci kuma sanyin hunturu ke hana aiki. An daɗe da sanin akwai zinariya da azurfa da jan ƙarfe a saman wani wuri a yankin da ake kira Filo del Sol, amma sai da aka zurfafa rijiyoyi suka haura kilomita ɗaya aka fahimci cewa abin da ke sama hula ce kawai a kan wani katafaren jiki. A farkon 2025 BHP da Lundin Mining suka kammala sayen kamfanin da ya gano shi a kan kimanin dalar Kanada biliyan 4, suka haɗa shi da aikin Josemaría da ke kusa.

Abin da ke tura kamfanoni hawa irin waɗannan tsaunuka shi ne buƙata. Motar lantarki tana cin jan ƙarfe fiye da ninki biyu na motar fetur, layukan wuta da tashoshin hasken rana da na iska duk da shi ake yin su, alhali arzikin dutsen da ake haƙowa a tsofaffin mahaƙun Chile yana raguwa, sai an niƙa dutse mai yawa kafin a sami abin da ake samu a da. Zinariyar da ke tare da jan ƙarfen takan taimaka a nan, domin kuɗinta yana rage nauyin aikin, har ya sa wurin da jan ƙarfensa kaɗai ba zai biya ba ya cancanci a gina masa mahaƙa.